Mangoro da albasa a kwano ɗaya: salsa ce ko kwaɗo?

Maman Ƴan Biyu:
Assalamu alaikum ƴan uwa, barkanmu da zafi. Don Allah masu girki ku zo ku fitar da ni daga duhu. Makon jiya ƙanwar maigidana ta zo mana daga Abuja. Ranar Asabar muka gasa kifi, sai ta ce in bar mata kicin na minti goma. Ta fito da wani haɗi a kwanon tangaran: mangoro an yanka shi ƙanana kamar ƙwayar gyaɗa, da jar albasa, da attaruhu, da wani ɗanyen ganye, ta matse lemun tsami a kai. Ta ce sunansa salsa. Da farko na ɗan ja baya, don ban taɓa ganin an haɗa mangoro da albasa ba. Amma da na ɗora shi a kan kifin nan, wallahi sai na manta da akwai miya a tukunya. Yaran da tun shigowar bazara ba sa cin abincin kirki, sai ruwa da ƙanƙara, suka cinye shinkafarsu tas.

Jiya na ce bari in gwada da kaina. Abin da ya fito ba ya kallo: ruwa tsululu a ƙasa, mangoron ya dame kamar fate, albasa ta danne komai, yaji kuwa yaran loma ɗaya suka yi suka ture. Kuma kusan kayan da ta sa su na sa. Na kira ta, ta ce ita da ido take yi, ba ta da ma'auni. To ina na kuskure?

Amaryar Kubwa:
Wa'alaikumussalam Anti. Ku da ke Jos har kuna da bakin cewa zafi? Ku zo Kubwa da ƙarfe biyu na rana ku gani. Amma batun yara gaskiya ne, mu ma nan babu mai son ganin tuwo kafin magariba. Ina nan ina jiran amsar da za a ba ki.

Baban Gangare:
Hajiya, ki yi haƙuri, ni dai ban ga kuskure ba sai na farko, wato haɗa su ɗin. Allah ya halicci mangoro da zaƙinsa, a wanke a sha a gode masa. Albasa ta miya ce. A wannan tsadar a sayi mangoro a ɓata shi da albasa da barkono, idan bai yi ba a zubar? Ni abin bai kwanta mini ba.

Anti Kuku:
Baba, a yi mana afuwa mu fara ceto kwanon, sai a dawo kan wancan. Maman Ƴan Biyu, kafin in ce komai ki amsa mini uku: wane irin mangoro kika saya, da me kika yanka, kuma tun yaushe kika sa gishiri kafin a ci?

Maman Ƴan Biyu:
Ƙananan nan masu zare, sun nuna luguf, don na ga sun fi zaƙi. Albasa da attaruhu na jajjaga su a turmi. Na haɗa tun bayan azahar na rufe, sai bayan magariba muka ci.

Anti Kuku:
To ƙanwata, duka ukun ne suka haɗu suka kayar da ke, kuma duk masu gyaruwa ne.

Mangoron da ya nuna luguf na tsotsa ne, ba na yanka ba. Balle mai zare, wuƙa ba ta raba shi, sai dai ta matse shi. Wanda kike so shi ne mai tsoka, marar zare, wanda ya nuna amma da sauran ƙarfinsa: idan kika danna da babban yatsa ya ɗan lotsa kaɗan, ba ya nutse ba. Ki ji ƙamshi a wajen gindinsa. Ɗan tsamin da ya rage masa shi ne ma daɗin abin.

Turmi kuma ki ajiye shi, haka blanda. Da kin jajjaga albasa kin fasa ta, duk ruwan warin nan ya fito ya bi ko'ina. Wuƙa mai kaifi kawai. Ki yanka albasar ta fi mangoron ƙanƙanta sosai, ki zuba ta a ruwan sanyi minti goma, ki tsane. Ko kuma ki matse mata lemun tsamin ita kaɗai ki bar ta ta ɗan zauna kafin ki kawo sauran. Za ki ga ta yi ja mai kyau, gafin ya tafi, ƙarmas-ƙarmas ɗin yana nan.

Gishiri shi ne ya jawo miki ruwan. Aikinsa ke nan, yana zuƙo ruwa daga cikin duk ɗanyen abin da ya taɓa, kamar yadda kike gani idan kin barbaɗa shi a kan kabeji. Daga azahar zuwa magariba kuwa ai ya gama da mangoron. Ana saura minti goma sha biyar ko ashirin a ci ake haɗawa.

Ma'aunin da nake yi wa gida mai mutum biyar ko shida: manyan mangoro biyu, rabin ƙaramar jar albasa, rabin jan tattasai, rabin attaruhu ɗaya (rabi na ce, ba biyu ba), lemun tsami biyu, gishiri abin da yatsu uku suka ɗauka, sai ɗanyen ganye cikin tafi ɗaya. Ki juya da cokali a hankali daga ƙasa zuwa sama, sau uku ko huɗu, ba tuƙin tuwo ba. Ki ɗanɗana. Idan zaƙi ya yi yawa ƙara lemu, idan tsami ya yi yawa ƙara mangoro, ba sukari ba. Idan kika ji duk yana nan amma lami, gishiri ne bai kai ba. Ba a sa mai, ba a sa dunƙule, ba a ɗora shi a wuta. Na yi shekaru ina aikin kicin a wani otal a garin nan, abin da ya fi wahalar koya wa sababbin yara shi ne su ɗauke hannunsu daga dunƙule idan ana irin wannan haɗin.

Maman Ƴan Biyu:
Kai, Allah ya saka da alheri Anti. Dunƙule ma sai da na marmasa ɗaya a ciki. Attaruhu kuwa uku na sa.

Ticha na Naraguta:
Uku! Hajiya, bari in faɗi dalilin da ya sa mutane da yawa ke faɗawa ramin nan. Masu abin, mutanen Meksiko, barkonon da suka fi sa wa ɗanyen haɗi shi ne halapenyo ko serano, koraye ne masu sauƙin yaji. Akwai ma'aunin zafin barkono da wani masanin haɗa magunguna ɗan Amurka, Wilbur Scoville, ya ƙirƙiro a 1912. A kansa halapenyo yana tsakanin 2,500 zuwa 8,000, dangin attaruhunmu kuwa daga 100,000 ne zuwa 350,000. To idan mutum ya ga an ce a sa barkono biyu, shi kuma ya ɗauko attaruhu biyu, ai ya ninka abin sau da yawa. Kuma yajin ba a ƴaƴan yake da yawa ba kamar yadda ake zato, a farar jijiyar nan yake da ƴaƴan ke maƙale a jikinta. A kankare ta da bakin cokali, ƙamshin attaruhun zai tsaya, zafin ya ragu.

Ita kalmar salsa da Sifaniyanci ba ta nufin komai face miya ko romo, duk abin da ake zubawa a kan abinci. Ɗanyar ta asali tumatir ne da albasa da koren barkono da lemun tsami da ganyen koriyanda, suna ce mata "pico de gallo", wato bakin zakara. Wasu na ce mata ta tuta, saboda ja da fari da kore irin na tutar ƙasarsu. Ta mangoro ko abarba, an ɗauke tumatirin ne ko an rage shi aka sa ɗan itace a gurbinsa. A titunansu ma ana sayar da yankakken mangoro da kankana an barbaɗa barkono da gishiri an matse lemun tsami. Ƴan Kenya da Tanzaniya kuma suna da tasu ta tumatir da albasa, kachumbari, da ita suke cin gasasshen nama.

Iya ta Bukuru:
Jikata ce ke karanta mini tana rubuta abin da na ce. Ku yaran nan kuna ta kai mu Meksiko, alhali abin nan a bayan gidanmu yake. Muna yara, da mangoro ya fara ƙosawa, tun bai nuna ba, za mu tsinko mu fere da ƴar wuƙa, kowa ya sato gishiri da dakakken barkono a ƙullin zane, mu zauna gindin bishiyar muna dangwala har haƙoranmu su mutu. Iyayenmu na faɗa wai zai sa mana zazzaɓi, ba mu fasa ba. Sannan kwaɗo fa? Ɗanyen tumatir, albasa, barkono, gishiri, a zuba a kan zogale ko rama ko latas. Wannan abin naku kwaɗon mangoro ne, ƙuli-ƙuli kawai kuka manta.

Amaryar Kubwa:
Iya kin tuna mini da gida wallahi. Har yawuna ya tsinke.

Baban Gangare:
Yawwa Iya, Allah ya ƙara girma. Kin taɓo inda ke mini ciwo. Ba albasar kaɗai ba ce damuwata. Yau idan ka ce wa yaro ga kwaɗon rama sai ya yatsine fuska, amma ka kira abu da sunan waje sai ya ci har da suɗe kwano. Ƴaƴana mata sun iya sunayen abincin ƙasashen da ba su taɓa zuwa ba, amma a ce su dama gwaten acca sai an tsaya a kansu. A hankali a hankali haka ake rasa abin gida.

Ticha na Naraguta:
Alhaji, wannan damuwar taka ina tare da kai a kanta ɗari bisa ɗari. Sai dai a duba wani abu. Tumatir da barkono da muke ganin babu miyar Bahaushe sai da su, asalinsu daga can nahiyar Amurka ne, bayan 1492 suka bazu a duniya, ƴan Fotugal na cikin waɗanda suka kawo irin waɗannan amfanin gaɓar Afirka. Haka masara da rogo da gyaɗar da ake ƙuli-ƙulin da ita, haka abarba da gwanda. Mangoro daga yankin Indiya ya fito. Dankalin da Bokkos da Mangu ke ciyar da ƙasar nan da shi, har yau sunansa dankalin Turawa. Kakanninmu sun karɓa, sun sarrafa da hannunsu, ya zama namu. Acca da gero da dawa da kuka su ne ƴan gida na asali, kuma ban ga yadda kwanon mangoro zai kore su ba. Ni da dafaffiyar acca ma na fi son cin sa.

Baban Gangare:
Malam, na karɓi tarihin, ban san na gyaɗa ba. Amma su kakannin da suka karɓa ai suna suka raɗa masa da bakinsu. Ba su ce mana "tomato" ba.

Anti Kuku:
Baba, tumatir ɗin ma ai sunan ne aka lanƙwasa. Amma ni ban ƙi ba, a kira shi kwaɗon mangoro, sunan ya zauna. Tambaya ɗaya zan yi maka cikin girmamawa: idan ka sayi tsire ko balangu, me mai naman ke yanka maka a kai?

Baban Gangare:
Albasa da tumatir da kabeji, sai yaji.

Anti Kuku:
To ka ga rabin abin ka shekara kana ci. Mai tsire ya san nama mai maiƙo yana son ɗanyen abu mai ɗan gafi da tsami a kusa da shi, don ya wanke baki a ji daɗin loma ta gaba. Shi wannan haɗin ba a madadin shan mangoro yake ba, kuma ba irin na kankana da madara da ake sha bayan buɗa-baki ba ne. Mahaɗi ne, cokali biyu ko uku a gefen faranti. Mangoro biyu sun ishi gida guda, ka ga ba ɓarna.

Iya, batun ƙuli-ƙuli kuma, na gwada, yana da daɗi ƙwarai, amma kada a cakuɗa shi a ciki. Yana shanye ruwan lemun ya yi kitib, launin ya dushe. A daka shi da ɗan gari-gari a ajiye a gefe, kowa ya barbaɗa a nasa lokacin ci.

Iya ta Bukuru:
Mu dai a ciki muke damawa. Amma ku yi yadda ya yi muku, ƴata. Ku dai kada ku bar shi ya kwana.

Mai Kayan Gwari:
Salamu alaikum. Ni a kasuwar Farin Gada nake, nan Jos, bari in sa baki a kan saye, don daga nan ake cin riba ko a faɗi. Hajiya, idan kin zo ki ce a ba ki na yanka, irin su fita ko juli ko paparanda, masu tsoka. Binta suga akwai zaƙi, amma idan ta nuna sosai ta sha ce. Mai warin kananzir ɗin nan kuwa kada ki kusance shi da wannan aikin, da ya haɗu da albasa ba ya ciwuwa. Kaya da yawa daga Binuwai suke zuwa mana, akwai na nan kewaye kuma. Ki zo da safe lokacin da ake sauke kaya, kafin rana ta dake su.

Sai maganar da ba kowa ke son a yi ba, ta kabaid. Akwai masu nuna mangoro da ayaba da shi, sinadarin nan na masu walda, kuma NAFDAC, hukumar kula da abinci da magunguna, ta sha yin gargaɗi a kansa. Ba dukanmu ke yi ba, kuma mu ma yana ɓata mana suna. Abin da zan ce ki lura da shi: idan bayan ya yi rawaya shar gaba ɗaya amma ba ƙamshi, kika yanka kika tarar cikin fari-fari da tauri da tsami, to ba nunar Allah ba ce. Abin da ya fi kwanciyar hankali ki sayi wanda ya ƙosa bai gama nuna ba, ki sa shi a kwali ko ki naɗe a takarda tare da nunanniyar ayaba ɗaya, kwana biyu ko uku zai nuna a gabanki. Kuma ke ce za ki tsayar da shi daidai inda Anti ta ce.

Lemun tsami ki ɗauki mai santsin baya mai nauyi a hannu, ki murza shi a kan tebur kafin ki yanka.

Maman Ƴan Biyu:
Malam na gode. Ganyen nan fa? Ita da ƙullinta ta zo da shi daga Abuja, ni lawashi na sa.

Mai Kayan Gwari:
Koriyanda ne, muna da shi, a nan Jos ake noma shi. Ki tambayi masu latas da koren wake da farin kabeji. Yana kama da fasili, sai ki murza ganye ɗaya ki shinshina, nasa ƙamshin ya fi ƙarfi.

Amaryar Kubwa:
Ni ganyen nan ba na iya cin sa ko kaɗan, sabulu nake ji a bakina. Maigida kuma yana son sa.

Ticha na Naraguta:
Ba tsirfa ba ce, Amarya. Akwai mutanen da halittar hancinsu ce haka, gado ne, sabulu suke ji a cikinsa.

Anti Kuku:
Ki sa na'a-na'a a madadinsa, da mangoro ko kankana ma ta fi dacewa a wurina. Lawashi ma ba laifi, amma idan kin sa shi ki rage albasar, dangi ɗaya ne.

Nas Mai Aikin Dare:
Yanzu na tashi na tarar da zancen ya yi nisa. Ina son haɗin nan, ina yi, amma ku bar ni in yi irin tawa, don abu ne da ba ya ganin wuta, duk abin da ya shiga cikinsa cikinku zai tafi.

A wanke komai kafin a yanka, har mangoron da kankanar da za a fere, domin wuƙa ce ke kwaso dattin baya ta shigar da shi ciki. Da ruwan da za ki iya sha za ki wanke, ba na bokitin wanke-wanke ba. Ganyen nan musamman, ɗaya-ɗaya, don duk mun san wasu lambunan rani da ruwan rafin cikin gari ake ba su. Ga damina na ƙaratowa, lokacin da amai da gudawa ke yawa. Katakon da kika yanka ɗanyen kifi ko kaza a kai, kada mangoro ya hau shi sai an wanke da sabulu, in da hali ma a raba musu. Kuma don Allah a cire wa rai cewa lemun tsami yana kashe duk wata cuta. Yana rage wasu, ba ya maye gurbin wanki.

Maman Ƴan Biyu, naki da ya zauna daga azahar zuwa magariba a rufe a kicin, ba ruwan da ya tsatso ne kaɗai matsalarsa ba. Ƙa'idar yankakken ɗan itace, kada ya wuce awa 2 a waje, idan zafi ya haura digiri 32 kuwa awa 1. A firij mai sanyi da gaske zai kai gobe, amma da irin wutarmu da ake ɗaukewa a dawo da ita, shawarata a yi daidai ci.

Hannun da ya taɓa attaruhu a shafa masa ɗan man gyaɗa sannan a wanke da sabulu kafin a ɗauki jariri ko a taɓa ido. Wanda ya matse lemun tsami kuma ya wanke hannu kafin ya fita rana, ruwansa a kan fata idan rana ta buga yana iya ƙona wurin ya bar tabo.

Ɗan Jami'a:
Anti Nas, tambaya biyu. Ina da olsa, zan iya ci? Sannan tun muna yara ake ce mana wanda ya sha mangoro ya sha gari a kai zai mutu, kuma lemun tsami yana tsinka jini.

Nas Mai Aikin Dare:
Ƙanena, na mangoro da gari babu shi, haka na tsinka jini. Sinadarin bitamin C da ke cikin lemun da mangoron ma taimaka wa jiki yake ya ɗauki sinadarin ƙarfe daga wake da ganye, wanda da shi ake gina jinin. Olsa kuwa ba yaji ke kawo ta ba, yawanci wata ƙwayar cuta ce a ciki ko yawan shan magungunan ciwon jiki, kuma tana da magani, ka je a gwada ka. Amma yaji da tsami suna tayar wa wasu da ciwon. Ka fara da tattasai zalla ba attaruhu, lemu kaɗan, kuma kada ka ci da wofin ciki. Idan ka ji ba daɗi ka bari. Masu ciwon suga su ma za su iya ɗan taɓawa tare da abinci, amma su yawaita kokwamba da tumatir su rage mangoron. Mai juna biyu ta bar ɗanyar gwanda, nunanniya ba komai.

Ɗan Jami'a:
Na gode Anti. Mu a ɗaki ba firij ba kifi. Awara dai muke saye da yamma, ko a dafa garau-garau.

Anti Kuku:
Ai awara ta fi kowa son sa, ɗana! Mangoro ɗaya, tumatir ɗaya mai tauri ka cire ruwan cikin, ƴar albasa, lemu ɗaya, ku uku kun ci. A kan garau-garau ma ka gwada, bayan mai da yaji. Soyayyen dankali, soyayyar doya, ƙosai, gurasa, duk yana hawa. Su can da wani soyayyen fanken masara mai ƙarmas-ƙarmas suke kwasa, mu nan busasshen soyayyen filanten na leda ya wadatar idan don marmari ne da la'asar. Abin da ban ga ya dace da shi ba tuwo ne da duk wani abu mai miyar yauƙi.

Ƴar Vom:
Sannunku duka. Ina ta jira a ambaci namu ba a ambata ba. Jos fa ake magana, ina sitiroberi? A Chaha kusa da mu ake noma shi, sanyin tsaunin nan ne ya ba mu abin da yawancin jihohi ba su da shi. Da hunturu yake yawa, yanzu yana ƙarewa, amma har yanzu ana samu. Waɗanda ake tsincewa a bari don ƙanana ne ko ba su da siffa, su suka fi araha kuma tunda yankawa za a yi babu mai ganewa. A taron zumuntar mata na Ista na yi da shi da fiya da lawashi da ɗan attaruhu, aka ci da gasasshiyar kaza, kwanon ne ya fara ƙarewa. Sai dai shi ba ya son ruwa: kada a jiƙa shi, a ɗauraye da hular ganyensa a kai, a tsane, sannan a cire a yanka. Fiya kuma a ƙarshe ake sa ta, a matse mata lemu nan take don kada ta yi baƙi. Lemun bai kai na mangoro yawa ba, don shi da tsaminsa.

Baban Gangare:
Shi ma da albasar?

Ƴar Vom:
Lawashi kawai, Baba, kaɗan.

Amaryar Kubwa:
Tunda an zo kan sauran ƴaƴan itace, bari in faɗi abin da ya same ni don kada ya sami wata. Na yi da abarba, ya yi daɗi, sai ragowar na ce bari in juye a kan ɗanyen naman da zan gasa washegari ya sha. Da safe na tarar naman ya saki, ina ɗagawa yana rabewa, da aka gasa kamar an tauna an ajiye. Kilo guda ne na tarbar baƙi. Ranar har kuka na yi.

Anti Kuku:
Ayya, sannu. Ɗanyar abarba tana da wani sinadari mai narkar da nama, shi ne ma ke sa harshe ya yi zafi idan an sha da yawa. Gwanda ma tana da irinsa, shi ya sa iyayenmu ke naɗe nama mai tauri a ganyenta ko su jefa ɗanyarta a tukunya. Idan don laushi ne, rabin awa ya isa, ba kwana ba. Shi haɗin kuma bayan an sauke nama daga wuta ake ɗora shi. Amma abarba tana da kirki ɗaya: ba ta saurin dagargajewa, don haka mai koyo ya fara da ita, ko ya yi rabi ita rabi mangoro. Kankana ce mai wuya, kusan duk ruwa ce. Ki yanka ki zuba a matsami ta tsane, ki haɗa da kokwamba da na'a-na'a, gishirin sai a kan tebur. Ta dace da zafinku na Abuja.

Maman Ƴan Biyu:
Ƴan uwa na dawo da labari. Jiya da safe na je Farin Gada, na samo masu tsokar guda huɗu da koriyanda. Na jiƙa albasa, rabin attaruhu na kankare cikinsa, ban taɓa turmi ba, ban sa dunƙule ba, na haɗa ana kiran magariba. Alhamdulillahi, kowane yanka yana tsaye da kansa, ruwan da ya taru a ƙasa bai fi cokali biyu ba, shi ma maigida ya juye a kan shinkafarsa. Na daka ƙuli na ajiye a gefe. Ni na fi son sa da ƙulin, Hassana ma haka, Husaini ya ce ba ya so. Abu ɗaya, sai na ji kamar lemu biyu ya ɗan yi yawa.

Anti Kuku:
Madalla! Mangoronki da sauran tsaminsa ke nan. Gobe ki fara da ɗaya, ki ɗanɗana, sannan ki ƙara.

Baban Gangare:
To ni ma zan faɗi gaskiya. Uwargida ta ga zancen nan a wayata, ta yi daren jiya, na aika aka sayo balangu. Na ci, kuma da naman ya tafi daidai, ban musa ba. Amma na sa ta ɗebar mini nawa kafin ta zuba albasa, albasar mai balangu ta ishe ni. Kuma a gidana kwaɗon mangoro sunansa. Na ce wa yaran sharaɗin a sake yi, ranar Juma'a su dama gwaten acca da hannunsu.

Iya ta Bukuru:
Ka kyauta, Alhaji. Ƴar nan, ƙwallayen mangoron fa, ina fata ba ki zubar ba?

Maman Ƴan Biyu:
Ina! Iya, tun ina yanka suke tsaye a kaina, kowa ya karɓi nasa ya fita tsakar gida da shi.

Ɗan Jami'a:
Malam na Farin Gada, ran Asabar ƙarfe nawa ake sauke kaya? Mu huɗu ne muka haɗa kuɗi.

Mai Kayan Gwari:
Ku iso kafin takwas, ku zo da jakarku. Ku ce na yanka kuke so, wanda zai kai Litinin.